Ƙafafun Saniya Zuwa Batsari

Litinin, da hantsi

Mun fi mako a Safana, gidan Kawu Labaran ƙanen Inna. Ni da Inna da Baba muka zo, tun ran da 'yan bindiga suka shigo garinmu a kan babura. Ɗakin da Gwaggo Turai, matar Kawu, ke ajiye gyaɗa aka share mana, shi ya sa komai nawa ƙamshin gyaɗa yake yi, har hijabina. Ban damu ba, ina son ƙamshin.

Sauran takardun littafina na aji shida nake rubutu a ciki. Ba na iya magana a gidan mutane, amma hannuna ba ya jin kunya.

Yaya Zuwaira ba ta tare da mu. Tana Batsari wurin surukanta, su ma can suka koma. Cikinta ya tsufa. Mijinta Yaya Sammani ya tafi gona ran nan, bai dawo ba tukuna.

Garin nan babur ya yi yawa.

Talata, bayan azahar

Ummi ta kama ni a bayan randa. 'Yar Kawu ce, sa'ata, taubashiyata, bakinta ba ya hutawa ko tana cin abinci. Babur ne ya wuce ta bayan katanga, ban san lokacin da na bar tsintsiya na shige can ba.

Ta leƙo ta ce, "Umma, zo ki ga kwaɗon da muka samu a bayan randa! Har da hijabi!"

Gwaggo ta ce ta rufe mata baki. Ni kuwa na kasa fitowa sai da ƙarar ta yi nisa. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafarta mai kumburin nan, ta sunkuyar da kai kamar ba ta gani ba.

Laraba, bayan la'asar

Yau na taya Gwaggo murza ƙuli-ƙuli. Sana'arta ke nan, ita da man gyaɗa. Muna cikin yi wani babur ya wuce, ƙullun da ke hannuna ya faɗi ƙasa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Bushira, da kika ji ƙarar nan, me kika gani a ranki?"

Na sunkuya na ɗauki ƙullun.

Ta ce, "Ba sai kin faɗa min ba. Amma idonki ya gani?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To zuciyarki ce ta zana miki. Tunda ta iya zane haka, ki sa ta aiki. Duk babur ɗin da kika ji, kafin ta zana miki nata, ke ki riga ta. Ki ce wannan biredi ya ɗauko, ko ki ce wannan tinkiya ce. Sai ki je ki leƙa ta hujin ƙyauren zaure ki ga wa ya yi gaskiya, ke ko ita. Malamarmu ta Islamiyya ta ce kyautata zato ma yana da lada."

Ummi ta ce ita ma za ta shiga, kuma wadda ta fi faɗuwa ita ce da wankin tukunyar ƙuli.

Alhamis, da yamma

Na wanke tukunya. Na ce biredi, ya zama katifa. Na ce tinkiya, ya zama wani malami da jaka. Sau da yawa kafin in kai zaure ya wuce.

Ummi kuwa duk wanda ta ji sai ta ce, "Saurayina ne." Wani da ta faɗa haka, da muka leƙa sai ga tsoho ya rungume ɗan akuya a gabansa kamar jariri. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Inna ta ɗago ta dube ni. Tun ran nan ba ta ji dariyata ba, ni ma ban ji ba.

Juma'a, da safe

Na canka daidai! Na ce masu rigakafi ne, sai ga su da akwatinsu na sanyi. Ummi ta ce sata na yi, wai na ji ana shela jiya. To na ji ɗin, kunnena ne.

Asabar, bayan la'asar

Abin da ya faru yau sai na rubuta shi duka.

Muna tsakar gida sai muka ji babura da yawa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, ƙara ta cika unguwa, har da hon. Matan garinmu da suka sauka a maƙwabta suka fara ihu, wata ta tsallako katangarmu da zane a hannu. Inna, wadda ko bayan gida ba ta zuwa sai da sanda, ta miƙe ta zura ɗaki da gudu, ta bar sandar a tabarma.

Ni ma na ruga. Na kai bakin randa. Amma bakina ya saba, sai na ji ina cewa, "Amarya ce, amarya ce." Ban yarda da abin da nake faɗa ba ko kaɗan. Na juya dai na tafi zaure, ina dafa bango.

Kayan ɗakin amarya ne! Gado a kan wani, kwalla da samira a kan wani, wata mata a bayan wani tana rangaɗa guɗa, ɗankwalinta ya kusa tashi.

Na dawo na ce, "Biki ne." Muryata ba ta fita ba, sai Ummi ta maimaita da ƙarfi. Gwaggo ta ɗauki sandar Inna ta je ƙofar ɗaki ta ce, "Yaya, ashe ƙafa ta warke ba ki gaya mana ba? A ba ni sandar nan in yi muciya da ita."

Inna ta yi dariya har hawaye. Daga baya dariyar ta ƙare, hawayen bai ƙare ba. Gwaggo ta shiga ta zauna kusa da ita. Matar da ta tsallako katanga kuwa ta ce ba za ta iya komawa ta inda ta zo ba, wai ita kanta ba ta san yadda ta hau ba.

Yanzu ƙafar Inna ta ƙara kumbura.

Lahadi, da hantsi

Na fita ƙofar gida na sayo wa Gwaggo gishiri. Ni kaɗai. Mai shagon ya ce, "'Yar baƙi, sai na kawo kunnena kusa kafin in ji ki." Amma ya ji.

Talata, bayan azahar

Wasu mutane sun zo wurin Baba a zaure, har da baban Yaya Sammani. Sun daɗe. An yi ta magana a waya, Baba yana ta cewa, "Don Allah, ku yi haƙuri, muna ƙoƙari." Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Ya sayar da bijimin nan mai farin goshi, wanda muka sha wahalar korowa. Ba wanda ya tambaye shi dalili.

Laraba, da yamma

Yau ban yi wasa ba.

Alhamis, da hantsi

Bayan randa.

Alhamis, bayan la'asar

Gwaggo ta zo ta same ni. Ta tsuguna, gwiwarta ta yi ƙara, ta ce wayyo tsufa.

Na ce mata, "Gwaggo, ran nan ma da na ce biredi ne, ai ba biredi ba ne." Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi mata.

Ta ce, "Haka ne. Ban ce miki babu mugun abu a duniya ba, ke kin fi ni sani. Ranar da ya kamata a gudu, ni zan riga ki kaiwa ƙofa, har da tukunyata. Abin da na ce shi ne, kada ki ɗauki duk baburan Safana ki ba su kyauta. Sun karɓi abin da suka karɓa. Mai biredi kuma ki bar mana shi."

Na fito. Na ce barkono, ya zama buhun gawayi. Na wanke tukunya.

Juma'a, da sanyin safiya

Yaya Zuwaira ta haihu! Namiji! Surukarta ce ta kira wayar Kawu. Gwaggo ta yi guɗa har kajin gidan suka watse. Inna tana ta cewa alhamdu lillahi, tana goge fuska da bakin zane. Baba ya fita ya dawo da goro. Ummi ta ce daga yau ita ce Anti, ni kuma kwaɗo ba ya zama Anti.

Na zama ƙanwar uwa. Na rubuta shi don in gani da idona. Ƙanwar uwa.

Lahadi, bayan azahar

An sake kira daga Batsari. Yaya ba ta cin abinci. Kunun kanwa ma sai ta kurɓa ta ajiye, kuma ruwan nono bai zo sosai ba, yaron yana ta kuka. Surukarta ta ce ta yi lallashi ta yi faɗa, sai kallon ƙofa kawai take yi.

Aka ba Yaya wayar. Kawu ya sa yadda kowa zai ji. Muryarta ƙasa-ƙasa, ta gaida Inna, ta gaida Baba, sannan ta ce, "A turo min Bushira."

Tun ina ƙarama kwano ɗaya muke ci da ita. Idan na ƙi ci sai ta ce ita ma ta ƙoshi, dole in ci.

Inna ba ta iya tafiya da ƙafar nan. Kawu zai je ranar Laraba a kan babur ɗinsa, zai kai ƙafafun saniya na ƙauri, wanda ake dafa wa mai jego. Shi mahauci ne, ya ce ba za a sayi na wani ba yana raye. Baba ya dube ni ya ce, "Wannan ba za ta iya hanya ba. Ummi ta je ta zauna da ita."

Ban ce komai ba. Na ji haushin bakina.

Litinin, da hantsi

Ummi ta ja ni zaure inda Kawu ke ajiye babur. Ta ce, "Ke, ni ba ni aka kira ba. Wallahi idan kika bari aka kai ni, sai na gaya wa jaririn nan uwarsa ba ta da ƙanwa. Hau."

Na taɓa shi. Sanyi ne da shi, kuma warin kitse yake yi. A kujerar akwai inda ta yage Kawu ya ɗinke da zaren buhu. Ban san me ya sa ganin ɗinkin nan ya sa na ji sauƙi ba.

Na hau baya. Ummi ta hau gaba tana yin ƙarar da bakinta, tana cewa, "Hajiya, ina za a kai ki? Makka ko Dutsin-ma?" Na ce Batsari. Ta ce, "Ba na ji, iska ta yi yawa!" Na ce, "Batsari!" Har Gwaggo ta jiyo daga cikin gida ta ce a sayo mata albasa a can.

Litinin, bayan magariba

Na durƙusa gaban Baba bayan ya gama cin tuwo. Na ce, "Baba, ni zan je."

Ya ce, "Babur ne fa, Bushira."

Na ce na sani.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce gobe Kawu ya zaga da ni unguwa, idan na iya, shi ke nan.

Talata, da yamma

Da Kawu ya buga kik ƙarar ta shiga har cikin haƙorana. Na riƙe rigarsa, na ce a raina, wannan ni ya ɗauko. Ni ce kayan. Ba biredi ba, ba tinkiya ba, Bushira ce za ta je ganin ɗanta.

Mun zaga ta bayan masallaci, muka bi ta tasha inda 'yan acaba suke cike, muka dawo. Idona a rufe rabin hanya, amma ba wanda ya tambaye ni wannan. Kawu ya ce wa Baba, "Ta iya. Rigata ce dai ba ta iya ba, ta kusa raba ta biyu."

Baba ya ce, "Allah ya kai ku lafiya." Ya juya da sauri ya shiga ɗaki.

Laraba, bayan azahar, a Batsari

Na zo!

Mun taso da hantsi, lokacin da hanya ta cika da mutane. An sa ƙafafun saniyar a buhu aka ɗora min a cinya, tsakanina da Kawu. Nauyi gare su, kuma kofato ɗaya ya huda buhun yana ta zungurin Kawu a baya. Yana cewa, "Saniyar nan ko bayan yanka ba ta daina harbi ba." Wani kare ya biyo mu tun daga bakin gari har ya gaji ya zauna a tsakiyar titi yana kallonmu.

Gero ya nuna ko'ina. Wasu gonakin an girbe, wasu ba kowa a cikinsu. Ban daɗe ina kallon waɗannan ba.

Akwai wurin da wata hanyar ƙasa ta fito daga daji ta haɗu da titi. Na ji ƙarar babura kafin in gan su. Na ji bayan Kawu ya sandare, shi ma ya daina magana. Na ce gero ne, gero ne, gero ne, kuma ban rufe ido ba.

Gyaɗa ce. Manoma ne da buhuna, ɗaya har ya ɗaga mana hannu. Na faɗi wasan, amma a nan ba mai sa ni wankin tukunya. Kawu ya sauke numfashi ya ce, "Me kike ta faɗa a bayana?" Na gaya masa. Ya ce, "Ashe aikin Turai ne. To koya min, ni ma ina so."

Yaya ta rame. Da ta gan ni ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Yaron ɗan ƙarami, ja, gashinsa kwance luf, kunnuwansa irin na Yaya Sammani sak. Na kawo mata kunu ta ce anjima.

Alhamis, bayan la'asar

Yau da farin ciki nake rubutu.

Tun safe aka ɗora ƙauri. Ni na yi ta hura wuta. Ya dahu har ƙashi yana rabuwa, ya sha yaji, ƙamshi ya cika gida. Mata suka taru a ɗakin Yaya, aka zuba mata a kwano aka ajiye gabanta. Ba ta ko dube shi ba.

Akwai wata tsohuwa, Iya Jinjiri, ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar. Tana da kirki, tana da surutu. Ta ɗauki yaron tana yi masa wasa, sai ta ce, "Audi na, Audi ɗan gatan Allah."

Audi sunan da ake kiran yaron da aka haifa bayan ubansa ya rasu ne. Kowa a ɗakin ya san haka. Wata ma ta amsa ta ce, "Allah ya raya Audi."

Na dubi Yaya. Ɗan fari ne, ba za ta yi magana a kansa ba don kunya, kuma ba za ta ambaci mijinta a gaban surukai ba. Sai ta juya fuskarta bango. Na ga kafaɗarta tana motsi. A nan na gane ba yau aka fara kiransa haka ba.

Na ce, "Iya, ba Audi ba ne."

Ba wanda ya ji. Mata sun cika ɗaki, duk manya, ban san ko ɗaya ba. Na miƙe tsaye na ce, "Iya, don Allah, ba Audi ba ne. Babansa bai dawo ba ne tukuna. Ana magana da su. Baba ya ji muryarsa ran Talatar can."

Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Surukar Yaya ce ta fara magana. Ta ce, "Yarinyar nan ta fi mu gaskiya. Ba wanda ya kawo mana wancan labarin. Ɗana yana nan da ransa in Allah ya yarda. Kada in ƙara jin sunan nan a gidana."

Iya Jinjiri ta dafe baki ta ce, "Astagfirullah, bakina ne ya tsufa ya bar ni. Allah ya dawo da shi lafiya." Duk ɗakin aka ce amin. Sannan ta harare ni ta ce, "Wa ya ce min ƙanwar mai jego ba ta magana? Tun jiya nake yi mata nuni da hannu!" Aka kwashe da dariya. Ta miƙo min yaron ta ce, "Ungo ɗanki, lauya."

Na zauna kusa da Yaya da shi a cinyata. Na jawo kwanon na ce, "Ni tun jiya ban ci komai ba, kuma na ƙoshi." Ta juyo ta dube ni, idonta jajir. Ta ce, "Maƙaryaciya." Ta sa hannu. Ta ci yanka ɗaya, ta ci na biyu. Ta ce gishiri bai ji ba. Surukarta da kanta ta tashi da gudu ta kawo.

Tare muka cinye, har da romon.

Juma'a, da hantsi

An raɗa suna da safe: Abdulmumini. Kakansa ne ya zaɓa. Gwaggo da Ummi sun zo a motar haya, Ummi ta karɓe shi ta ce ya fi ni kyau, kuma wai da ya ga fuskata ne ya yi kuka. Ƙarya ne, yunwa ce, kuma yanzu ya sha ya ƙoshi har ya yi gyatsa. Iya Jinjiri ta ce nono ya fara zuwa.

Gwaggo ta ji labarin jiya tun kafin ta cire takalmi. Ta dai tambaye ni ina albasarta.

Zan zauna nan har Yaya ta gama wanka. An ba ni aikin ɗebo ganyen darbejiya da hura wuta, kuma ni ake aika shago, shagon yana bakin titi.

Yaya tana kirana. Ta ce in duba ko akwai sauran ƙauri a tukunya kafin Ummi ta gan shi.